Yadda ake ƙona gandun dajin gwamnati da wuri kafin gobarar rani ta riga ka

Duk dajin da ciyawa ke tashi a cikinsa da damina, ta bushe da rani, zai ci wuta ko ba jima ko ba daɗe. Idan tsawa ba ta kunna ba, mafarauci zai kunna, ko makiyayi mai neman sabon toho, ko mai ɗibar zuma da ya bar bakin wuta a gindin bishiya. Abin da ke hannun hukumar da ke kula da gandun shi ne lokacin da wutar za ta ci, da inda za ta ci, da irin ƙarfin da za ta ci da shi. Binciken da aka yi a kan tarihin wuta na gandun Kruger da ke Afirka ta Kudu ya nuna haka ƙarara. Hukumar gandun ta sauya tsarinta na ƙuna sau da dama, har ta taɓa hana kunna wuta sai wadda tsawa ta tayar, amma faɗin dajin da ke ƙonewa ya ci gaba da bin yawan ruwan saman da aka samu a daminun baya, domin ruwa ne ke haifar da ciyawa. Abin da tsarin hukuma ya iya sauyawa shi ne watan da wutar ke ci da yadda take bazuwa.

Watan kuwa shi ne kusan komai. A 1936 masanin daji André Aubréville ya kafa gwaji a Kokondekro, kusa da Bouaké a ƙasar Kwaddibuwa, ya ware filaye uku masu kama da juna. Na farko aka hana shi wuta sam, na biyu ana ƙona shi kowace shekara a farkon rani, na uku a ƙarshen rani. Bayan shekaru da dama, wanda aka hana wuta ya zama kurmi, wanda ake ƙonawa da wuri ya riƙe itatuwansa, wanda ake ƙonawa a makare kuma ya koma filin ciyawa da 'yan itatuwa jefi-jefi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsokar da ke ƙarƙashin ɓawon bishiya, wadda take girma da ita, tana mutuwa idan zafi ya kai kusan digiri 60. Wutar farkon rani tana bin ƙasa, harshenta gajere, ta wuce kafin zafin ya ratsa ɓawo. Wutar ƙarshen rani tana hawa har rassa, ta dafa gindi, ta kashe saman yawancin ƙananan itatuwan da ba su kai mita biyu ko uku ba.

Inda ba a sa wuta

Kafin a taɓa ashana, a san dajin da ake magana a kai. Kurmi mai danshi, wanda rassansa suka rufe sama, bai saba da wuta ba, ɓawon itatuwansa siriri ne, wuta ƙarama ma tana kashe su, kuma inda ta ci sau ɗaya ciyawa na shiga ta share wa ta biyu hanya. Haka dajin da ke kan ƙasar fadama mai ruɓaɓɓen ganye da aka janye wa ruwa: wuta na shiga ƙarƙashin ƙasa ta yi watanni tana ci, kamar yadda aka gani a Indonesiya a 1997 da 2015. A cikin gandun ciyawa ma akwai wuraren da ake karewa: itatuwan bakin rafi, sabon dashen da bai wuce shekara uku zuwa biyar ba, gangaren da zaizaya ke ci, da filayen da aka keɓe don bincike. Waɗannan ana ƙone abin da ke kewaye da su ne domin su tsira.

Taswira da rabon daji

Aikin yana farawa a kan tebur tun damina ba ta ɗauke ba. A shimfiɗa taswirar gandun, a zana duk abin da wuta ba ta iya tsallakawa da sauƙi: koguna, hanyoyin mota, falalen dutse, tafkuna. Da waɗannan ake raba daji gida-gida, domin kowane mita na iyakar da Allah ya riga ya yi ya rage wa ma'aikata mita ɗaya na shara. Girman kowane yanki ya zama wanda ayarin da ake da shi zai iya kunnawa da gamawa a yini guda. Ga mutum goma sha biyu zuwa sha biyar masu kayan hannu, hekta 50 zuwa 200 ya isa, gwargwadon tsayin ciyawa da yanayin ƙasa. A ba kowane yanki lamba, kuma lambar nan ta zauna har abada, kada kowane sabon shugaba ya zo da tasa.

Sai a ɗora tarihin wuta a kan taswirar. Ina gobara ta saba shigowa, a wane wata, da wace iska? Tsofaffin dogaran daji sun san wannan fiye da kowane fayil, a zauna da su. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ma tana da shafin intanet mai suna FIRMS da ke nuna wuraren da taurarin ɗan'adam suka hango wuta, kyauta, har na shekarun baya. Daga cikin na'urorin da ke kan taurarin, VIIRS tana gani a ma'aunin mita 375, MODIS kuma kilomita ɗaya. Sai dai ƙaramar wutar da ta ci ta mutu tsakanin wucewar tauraro biyu, ko wadda gajimare ya rufe, ba za ta fito ba, don haka hoton sama ba ya maye gurbin mutumin da ya taka dajin.

Ba duka gandun ake ƙonawa a shekara ɗaya ba. A fara da yankunan bakin iyaka ta ɓangaren da iskar rani ke fitowa, sai waɗanda ke kewaye da wuraren da ake karewa, sai a ratsa tsakiya da 'yan faci-faci. Manufa ita ce idan gobarar ƙarshen rani ta taso, ta yi tafiya kaɗan ta ci karo da toka. Sauran yankunan a juya su, wannan bana, wancan baɗi, kowanne ya samu hutun shekara biyu zuwa huɗu. Ciyawar da aka bari ita ce maɓoyar ƙananan dabbobi da tsuntsayen da ke yin sheƙa a ƙasa, kuma ita ce abincin manyan dabbobi kafin toho ya fito. A arewacin Ostireliya, shirin ƙunar farkon rani na yammacin Arnhem, wanda ya fara a 2006 tare da 'yan asalin yankin, a kan wannan tsarin faci-faci ya tsaya, kuma ya rage manyan gobarar ƙarshen rani sosai.

Auna ciyawa

Ido yana yaudara, sai a auna. A haɗa firam na katako ko ƙarfe mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi. A bi yankin a miƙe, duk bayan taku hamsin a ajiye firam ɗin inda ƙafa ta tsaya, ba inda ciyawa ta fi kyau ba, a yanke duk abin da ke ciki har ƙasa, a haɗa da busasshen ganye. A yi haka sau ashirin. A shanya har nauyin ya daina raguwa, sannan a auna. Lissafin mai sauƙi ne: kowane giram 100 a cikin firam daidai yake da tan ɗaya a hekta. Idan matsakaicin ya fito giram 350, akwai tan uku da rabi a kowace hekta. Ƙasa da tan ɗaya, wuta da ƙyar za ta yi tafiya, kuma irin wannan yankin ya fi buƙatar hutu. Tan huɗu zuwa sama yana nufin ciyawa ta taru, idan aka bar ta ta kai ƙarshen rani wutarta za ta fi ƙarfin kowa.

Abu na biyu shi ne bushewa. A damƙi ciyawa a duba kashi nawa ya zama ruwan ƙasa. Idan bai kai rabi ba, wuta za ta yi ta mutuwa, a ɓata mai da yini. Idan ya kusa cika, lokacin ƙunar wuri ya wuce, ko me kalanda ta ce. Tsakanin nan ake nema, lokacin da saman ciyawa ya bushe amma gindinta da sauran kore, kwari da bakin rafi kuma suna nan shar. Tudu yana riga kwari bushewa, saboda haka da tudu ake farawa, kwarin da ke ɗanye ya zama katanga. Wannan damar makonni kaɗan ce, kuma a nan yawancin hukumomi ke faɗuwa: kuɗin aikin ya fito bayan ciyawa ta gama bushewa, sai a fita a kunna wutar ƙarshen rani da sunan ƙunar wuri. Kuɗin ƙuna dole ya kasance a hannun shugaban gandu tun kafin ruwan ƙarshe. Idan ya makara, a kashe shi a kan share layi da sintiri, a haƙura da ƙunar sai baɗi.

Layin tare wuta

Inda babu kogi ko hanya, sai a share layi. Ana kankare shi da fartanya da manjagara har ƙasa ta fito fili, domin ciyawar da aka sare aka bari a kwance ba ta tare komai, gada ce ma ga wuta. Faɗinsa ya kai aƙalla ninki biyu zuwa uku na tsayin ciyawar da ke gefensa. Ciyawa mai mita biyu tana son layin mita biyar ko shida. Share irin wannan faɗin da hannu na tsawon kilomitoci aiki ne mai cin rai, don haka dabarar da ta fi ita ce a kankare sirara guda biyu, kowanne mita ɗaya da rabi, a bar tazarar mita 20 zuwa 30 a tsakaninsu, sannan a ƙone tsakiyar da yamma lis ko da sassafe lokacin da raɓa ba ta tashi ba. Abin da aka kankare a watsa shi can cikin yankin da za a ƙona, kada a tara shi tsibi a bakin layi.

A duba sama. Reshen da ya ratsa layi, busasshiyar bishiyar da ke tsaye a bakinsa, da kogon itace duk hanyoyin tsallakewa ne. A share gindin irin waɗannan zagaye, mita biyu. A kan gangare kuma, layin da ya miƙe daga sama zuwa ƙasa zai zama kwazazzabo da ruwan farko, sai a yi masa 'yan kunyoyi a karkace da za su kau da ruwa gefe. Kusurwa mai tsini ita ce inda wuta ta fi tsallakewa, a lanƙwasa ta.

Takarda da maƙwabta

Kowace ƙuna ta kasance da rubutaccen shiri wanda shugaban gandu ya sa wa hannu: lambar yanki, abin da ake so wutar ta yi, iyakar iska da zafi da danshin da aka yarda a kunna a cikinsu, sunan wanda ke ba da umarni, inda ruwa yake, da wanda za a kira idan ta ƙwace. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni a fili, ko da akwai wanda ya fi shi muƙami a wurin.

Mutanen da ke zaune a kewayen gandun a sanar da su da wuri, kuma a saurare su. Mai amfanin gona a bakin iyaka yana buƙatar ya kwashe, mai amya ya sauke, mai yankan ciyawar jinka ya yanka, makiyayi ya san inda zai kau da garke. Hukumar da ta ƙone wa mutane abin da suka dogara da shi ba tare da sanarwa ba, za ta sha gobarar ramuwa a watan da ba ta iya kashewa. Wadda ta ɗauki matasansu aikin share layi da sintiri kuwa ta samu idanu a kowace kusurwa.

Ranar ƙuna

Ana son iska mai tafiya a hanya ɗaya, kilomita 5 zuwa 15 a awa, danshin iska kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Rashin iska gaba ɗaya ba alheri ba ne, domin wuta za ta ƙirƙiri tata iskar ta juya inda ta ga dama. Ma'aikatan kashe gobara suna da ƙa'idar talatin uku da ya kamata kowa ya haddace: zafi sama da digiri 30, danshi ƙasa da kashi 30, iska sama da kilomita 30 a awa. Idan biyu daga ciki suka haɗu, a mayar da kaya mota. A riƙa aunawa a filin, da ƙaramar na'urar hannu, duk bayan rabin awa, a rubuta. A tuna cewa duk ƙarin zafi na kusan digiri 11 yana rage danshin iska da rabi, don haka safiyar da ta yi laushi tana iya zama wani abu dabam da azahar. Shi ya sa aka fi son kunnawa bayan la'asar: rana na sauka, danshi na hawa, raɓar dare ta gama aikin. A nemi hasashen kwana uku masu zuwa ma, ba na ranar kaɗai ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Mabugin wuta, wato faffaɗar roba a bakin doguwar sanda, famfon goyo mai cin lita 15 zuwa 20, manjagara, adda, shebur, oba-oba ga kowane shugaban rukuni, da tankin ruwa a mota. Butar ɗiga wuta ana cika ta da man dizal kashi uku da fetur kashi ɗaya. Fetur ya yi yawa, ta yi bindiga a hannu, dizal ya yi yawa, ta ƙi kamawa. Tufafi na auduga ne mai dogon hannu da takalmin fata, domin yadin roba yana narkewa ya manne a jiki. Ruwan sha ya wadata, mutum na iya buƙatar kusan lita ɗaya a kowace awa ta aiki.

Kafin a kunna, kowa ya san abu huɗu: wane ne mai tsaye a tudu yana kallon wutar duka, yadda za a yi magana, hanyar gudu guda biyu, da wurin tsira. Wurin tsira mafi kyau shi ne inda wuta ta riga ta cinye, kuma nisansa daga wuta ya kai ninki huɗu na tsayin harshenta. Kada kowa ya tsaya a saman gangare wuta na ƙasansa. Gudun wuta yana ninkawa a duk ƙarin digiri 10 na hawa, a gangaren digiri 20 ya zama ninki huɗu. Mutum goma sha uku da suka mutu a gobarar Mann Gulch ta jihar Montana da ke Amurka a 1949, wuta ce ta cim musu suna gudu sama a gangaren ciyawa.

Ana farawa da ɗan gwaji a kusurwar da iska ke nufa. A kunna mita biyu, a tsaya a duba. Harshen wuta ƙasa da mita ɗaya da kwata, mutane na iya tunkararsa da mabugi. Ya wuce haka sai da mota da ruwa, ya kai mita biyu da rabi babu mai tsayawa gabansa. Idan gwajin ya nuna abin da ya saɓa wa shirin, a kashe a koma gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma shugabannin da ke ofis su sani cewa malamin dajin da ya fasa ƙuna saboda iska ya yi aikinsa daidai. Matsin lambar cika alƙaluman shekara yana cikin manyan abubuwan da ke sa a kunna wuta a ranar da bai kamata ba. A watan Mayun 2000, ƙunar da aka kunna da gangan a gandun Bandelier na jihar New Mexico da ke Amurka ta ƙwace da iska, ta shiga garin Los Alamos ta ƙone gidaje fiye da 200.

Idan gwajin ya yi kyau, a kunna a bakin layin da ke can ƙarshen da iska ke nufa, yadda wutar za ta riƙa ja da baya tana tunkarar iska. Irin wannan wuta tana tafiya a hankali, harshenta gajere. Masu mabugi da famfo suna bin mai buta a baya suna kallon waje, domin tartsatsin da ya tsallaka a bayansu yake sauka. Sai baƙar ƙasa ta kai faɗin mita 30 zuwa 50, sannan rukuni biyu su bi gefe da gefe suna kunnawa, kafaɗa ɗaya, kada wani ya wuce wani. Daga nan ne za a iya sakin wutar da ke bin iska, a gajerun layuka, kowanne ya ƙare a cikin tokar da ta riga shi. Kada a zagaye yanki da wuta gaba ɗaya a rufe. Wutar da ta haɗu a tsakiya tana tayar da guguwa mai jifa da garwashi nesa, kuma dabbobi ba su da mafita. A bar musu ɓangare ɗaya a buɗe har ƙarshe.

Ƙunar wuri mai kyau ba ta da kyan gani. Za a ga tsibiran ciyawa da wuta ta tsallake, ganyen manyan itatuwa yana nan kore, toka baƙa ce. Kada a koma a bi tsibiran nan da buta don a gyara, su ake so. Farar toka da ganyen da ya babbake har ƙoli alama ce ta wuta mai zafi fiye da kima.

Hayaƙi ma yana cikin lissafi. Da dare yana sauka ya kwanta a kwari da kan hanyoyin mota, don haka yankin da ke kusa da babbar hanya ko asibiti ko gari a ƙone shi ranar da iska ke kau da hayaƙin daga gare su, a sa masu tsayar da motoci idan ya zama dole.

Bayan harshen wuta ya kwanta

Yawancin wutar da ke ƙwacewa tana ƙwacewa ne bayan an ɗauka an gama. A bi iyakar duka a ƙafa, a shiga ciki mita 30 aƙalla, a kashe duk abin da ke hayaƙi. Kututture, gungume, kogon bishiya, tsohon suri, da busasshen kashin dabbobi suna riƙe rushi kwanaki. Kashin ma iska na iya mirgina shi ya tsallaka layi. Zuba ruwa a sama ba ya isa, sai an tona, an cakuɗa da ƙasa, an jiƙa, sannan a kusanto da bayan hannu a ji ko da sauran zafi. Gungumen da ke kan gangare a juya shi ya miƙe da gangaren don kada ya gangaro. Gobara mafi girma a tarihin jihar New Mexico, wadda ta ci kusan hekta 138,000 a 2022, wani ɓangarenta ya taso ne daga tarin itacen da aka ƙona a watan Janairu, rushinsa ya kwanta ƙarƙashin dusar ƙanƙara har ya farka a watan Afrilu. A bar masu gadi a daren farko, a dawo washegari da tsakar rana lokacin da zafi ya fi tsanani, a ci gaba da dawowa har a yi kwana uku a jere ba a ga hayaƙi ba.

Sabon toho zai fito cikin mako biyu zuwa uku, dabbobi kuma za su taru a kansa. Idan facin da aka ƙona ɗaya ne kuma ƙarami, za su cinye shi har saiwa, mafarautan sata ma sun san inda za su same su. Wannan wani dalili ne na yin faci da yawa a warwatse, da ƙara sintiri a kansu a makonnin nan.

A rubuta komai a littafin yankin tun ba a manta ba: rana, awar kunnawa da ta gamawa, iska, danshi, nauyin ciyawa, tsayin harshe, kashin da ya ƙone, da inda ta tsallaka idan ta tsallaka. A kafa turaku na ƙarfe a wurare biyu ko uku a kowane yanki, a riƙa ɗaukar hoto daga kansu ta fuska ɗaya a wata ɗaya kowace shekara, a kuma ƙirga ƙananan itatuwan da ke cikin da'irar mita goma daga turken. Idan bayan shekara biyar ƙananan na raguwa, wutar ta yi zafi ko ta yi yawa, a matso da ita farkon rani ko a tsawaita hutu. Idan sarƙaƙiya ce ke rufe filin kiwon namun daji, wutar ta yi sanyi, yankin na buƙatar ƙuna mai ɗan zafi sau ɗaya, bayan an ƙone duk maƙwabtansa an kuma ninka yawan ma'aikata.